Maƙerin Fari da Baƙar Azurfa

Ghali ba ya iya zama. Duk wanda ya san shi a kasuwar Dira ta birnin Riyad, abin da zai fara gaya maka ke nan. In ka ba shi kujera sai ya ɗosana a bakinta, ƙafar dama tana kaɗawa, kafin shayi ya huce ya miƙe ya je ya gyara wani abin da ba shi da laifi. Na san shi tun ina ƙarami a unguwar Shumaisi, muna ce masa Kawu Ghali. Da na dawo daga karatu bayan shekara shida na tarar 'yan kasuwa sun laƙaba masa sabon suna, Abu Tamar Hindi, wato Mai Tsamiya. Na tambaye shi dalili, ya ce in same shi a shago bayan azahar. Abin da zan faɗa daga bakinsa na ji, da bakin amininsa Maulud, wani Buzun Agadas mai aiki a shagon dardumai na bayan layinsu. Tsakanin Buzu da maƙeri akwai wasa tun na kakanni, su biyun kuwa ba su bar shi a gida ba.

A Damagaram aka haifi Ghali, a gidan maƙeran fari. Maƙeran baƙi su ne na fartanya da gatari. Na fari kuwa azurfa ce tasu, zobe da munduwa da 'yan kunne. Mahaifinsa yana da doka ɗaya da ba a taka ta: aiki ba ya fita daga maƙerarsa sai ya yi fari. Ko liƙi kaɗai mace ta kawo a yi wa munduwarta, sai an dafa ta a ruwan tsamiya da gishiri, an goge ta da toka, sannan a miƙa mata. Wanda ya mayar wa mutum azurfa da dattinta, a wurin tsohon, bai gama aiki ba. Tun Ghali yana shekara bakwai shi ke tsaron tukunyar tsamiya, kafin ya kai ga riƙe masaba da magagari.

Ya kai munzalin aure a daidai lokacin da mata suka juya wa azurfa baya, suka koma kayan Dubai da masu ruwan gwal. Maƙera ta yi sanyi. Ya bar matarsa Sauda da 'ya'ya biyu, ya zo Riyad da bizar direban gida. Shekara goma sha ɗaya ya yi a unguwar Nasim yana kai yara makaranta, yana kai uwar gida kasuwa. Ya ce tuƙin bai taɓa damunsa ba, jiran ne. Mutumin da ba ya iya zama, aka ba shi aikin zama a mota a ƙofar makaranta. Yakan ɗauki makullin motar ya yi ta goga da gefen riga, har tambarin da ke jiki ya shafe.

Da mata suka fara tuƙi, uwar gidan ta karɓi lasisinta. Mai gidan mutumin kirki ne, bai ce ya koma ƙasarsu ba. Ya mayar da iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, hannun wani saninsa, Abu Nayif, mai shagon kayan da a tsohuwar kasuwar Dira, ba nisa da ganuwar Masmak.

Shagon ƙunci gare shi. Butocin gahawa a jere har rufi, takubba, kaskon turaren wuta, sai bango guda da aka rataye abin da Larabawa ke kira ibzim, wato kan ɗamara na azurfa. A da, a wasu yankunan, yaron da bai isa rataya wuƙa ba irin wannan ake ɗaura masa ranar salla ko biki. Ɓari biyu ne masu faɗin tafin hannu, ɗaya da ƙugiya ɗaya da ido, an yi musu ado da zaren azurfa da 'yan ƙwayoyi kamar gero. Dukkansu baƙi ƙirin. Ranar da Ghali ya fara aiki, bai yi awa guda ba ya ɗauko tsumma ya nufi bangon. Abu Nayif ya riƙe masa hannu, ya ce baƙin nan shi ne shaidar shekaru, shi masu tara kayan da suke nema, kada ya sake.

Bai sake ba. Shekara bakwai yana shara, yana dafa gahawa, yana ɗaukar kaya, yana wucewa ta gaban bangon da hannuwansa a baya. A can ƙuryar shagon akwai ɗan tebur da wutar gas, wurin Usta Salih, wani tsoho mutumin Yaman mai gyaran azurfa. Tun ranar farko Ghali ya faɗa wa Abu Nayif cewa shi ma maƙeri ne. Aka ce masa in sha Allahu. Iyakar abin da Usta Salih ya taɓa bari ya yi shi ne riƙe masa hantsaki. Ghali ya ga yadda tsohon ke liƙi: ya rufe sauran jikin da jiƙaƙƙen tsumma, ya taɓa wuri ɗaya da wuta, sannan ya ɗiga wani ruwa daga 'yar kwalba wurin ya sake baƙi. A ransa yana ganin wannan rabin aiki ne, amma bai taɓa faɗa ba.

A farkon watan Fabrairun bara idon Usta Salih ya gaza, ya tattara ya koma gida. Teburin ya zauna babu kowa. Ghali yana share ƙarƙashinsa sau uku a yini.

Ran wata Litinin da hantsi wani dattijo ya shigo yana dogara sanda. Abu Mani ake ce masa, asalinsa mutumin kudancin ƙasar ne, ya kusa tamanin. Ya kwance ƙullin hankici a kan kanta. Ibzim ne, ƙarami, ƙugiyarsa ta ɓalle daga gindi. Ya ce shi ya ɗaura shi yana yaro, kafin shi kuma yayansa. Yanzu jikansa zai sa a makaranta ranar bikin tunawa da kafuwar ƙasa, da yara ke shigar gargajiya. Ran Alhamis zai dawo ya karɓa. Abu Nayif ya ce an gama, bisa al'adar bakinsa, sai da dattijon ya fita ya tuna ba shi da maƙeri.

Ya daɗe yana kallon teburin, sannan ya kalli Ghali.

"Ka ce kai maƙeri ne a ƙasarku."

"Shekara bakwai ina faɗa, ya Abu Nayif."

"Ran Lahadi wani zai zo daga Jidda in gwada shi. In ka yi wannan, ba sai ya zo ba. Teburin ya zama naka." Ya tura masa hankicin. "Bayyiɗ wajhi, ya Ghali."

Ma'anar maganar ita ce ka fitar da ni kunya, kuma Ghali ya san haka sarai. Amma kalmomin kansu cewa suke ka faranta fuskata, shi kuwa ɗan maƙeran fari ne. Ya ce tun daga lokacin kalmar fari ta shiga kansa ta ƙi fita.

Washegari bayan azahar Abu Nayif ya tafi gida hutawa, kasuwa ta yi tsit. Ghali ya ja ƙofar shago rabi, ya zauna a teburin. Ya riga ya sayo tsamiya a kantin wani Ba'indiye, ya ɗora ta a 'yar tukunya da gishiri. Hannunsa bai manta komai ba. Ya kankare gindin ƙugiyar da magagari, ya sa sinadarin liƙi, ya kawo wuta a hankali har azurfar liƙin ta narke ta bi tsagar. Ya bari ya huce, ya ja ƙugiyar da ƙarfi, ba ta motsa ba.

Niyyarsa ya tsoma ƙugiyar kaɗai a tsamiya don ƙonar wuta ta fita. Ya tsoma, ya ɗago. Ƙugiyar ta yi fari fat, sauran yana baƙi, ga layi a tsakani kamar an ja da alƙalami. Ya ce bari ya ɗan ƙara tsomawa layin ya ɓace. Layin ya matsa gaba. Ya ajiye, ya miƙe, ya je bakin ƙofa, ya dawo. Ya ce da kansa na bango na masu tara kayan da ne, wannan kuwa yaro ne zai ɗaura a gaban 'yan'uwansa, wa zai tura ɗansa biki da dattin azurfa? Ya saki ɓarin cikin tukunya. Da ya fito da shi ya ajiye kusa da ɗan'uwansa, sai suka zama kamar ba gida ɗaya suka fito ba. Na biyun ma ya bi.

Ya goge su da toka daga kaskon turare. Zanen da ba a gani a da ya fito, kowace ƙwaya ta tsaya da kanta. Ya ce tun da ya bar Damagaram bai ji daɗin da ya ji a wannan rabin awa ba.

Maulud ne ya leƙo da kofin shayi biyu.

"Kai maƙeri, yau an ba ka wuta? Bari in matsa kada ka ƙone mana kasuwa." Ya sunkuya ya duba. "Sabo ka ƙera?"

"Na tsohon nan ne na jiya."

"Baƙin nan?"

"Shi ne."

Maulud ya ajiye kofunan a hankali. Ya kalli bangon, ya kalli teburin. "Uban gidanka ya ce ka wanke?"

"Ya ce in faranta masa fuska."

"Fuskarsa ya ce, ɗan maƙera. Fuskarsa."

Abu Nayif ya dawo bayan la'asar. Ya ɗauki ibzim ɗin, ya juya shi, ya ja ƙugiyar, ya nemi wurin liƙin bai gani ba. Sannan ya tambaya ina na mutumin yake. Ghali ya ce shi ne a hannunsa. Abu Nayif bai yi faɗa ba. Ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Ina shekarun?"

Ghali ya kalli tukunyar tsamiyar.

Abu Nayif ya buɗe aljihun teburin ya ɗauko 'yar kwalbar Usta Salih. Ta bushe ƙaf. Ya jefa ta ciki. Ya ce Ghali ya san yadda zai yi ya mayar da baƙin kafin Alhamis. Idon dattijon ba shi da ƙarfi, ba zai gane ba, kuma ba sai an ce masa komai ba. In abin ya wuce lafiya, maganar tebur tana nan. In bai wuce ba, mutumin Jidda yana hanya.

Ghali ya san yadda ake yi, ba ya buƙatar kwalba. Dafaffen ƙwai da zafinsa, a farfasa shi, a rufe shi da azurfa a cikin gwangwani, kafin yini ta yi baƙi. Ran Laraba da safe ya gwada da wani tsohon zobe da ya tsinta a aljihun teburin. Da azahar ya buɗe, zoben ya yi duhu. Ya ɗauki tsumma ya shafa saman kaɗan, ya bar baƙin a cikin zane, ya kai shi jikin bango ya gwama da na can. Da ƙyar shi kansa ya bambance. Ya tuna yadda baƙin ibzim ɗin yake kafin ya wanke shi, mai kauri a cikin zane, mai sauƙi a gefen ƙugiya inda babban yatsa ke dannawa. Zai iya mayar da shi haka ɗin daidai. Ya ce sanin cewa zai iya shi ne ya hana shi sukuni.

Ya dafa wasu ƙwai biyu. Ya ɗauko gwangwanin. Ya ajiye. Ya fita ya zagaya ganuwar Masmak, ya dawo ƙwan ya huce. Ya sake ɗumama su, ya sake fita, wannan karon har layin masu turare. Ya share shagon da ya riga ya share. Abu Nayif yana kan kanta yana danna waya, yana binsa da ido.

Da yamma Maulud ya zo ya same shi tsaye a kan gwangwanin.

"Ka sa?"

"Ban sa ba."

"To me kake jira? Shekara goma sha takwas kana neman kujera, an ba ka, ƙwai biyu sun gagare ka."

"Kai Buzu, in raƙuminka ya tsufa, shuni kake shafa masa ka kai kasuwa?"

"Ni nawa ba na wanke shi da tsamiya tun farko." Maulud ya ɗauki ƙwai ɗaya ya fasa a gefen teburin. "In ba za ka yi aiki da su ba, kada su lalace."

Ghali yana kallo ya cinye duka biyun, har ya nemi gishiri. Bai hana shi ba, bai kuma dafa wasu ba.

Ran Alhamis da hantsi, Abu Nayif ya tambaye shi ko an gama. Ghali ya ce yana cikin hankici. Kafin a kwance sai ga ƙarar sandar Abu Mani a bakin ƙofa. Aka gaisa, aka zaunar da shi, Ghali ya zuba masa gahawa. Sannan ya ɗauko ƙullin da kansa, ya durƙusa ya kwance a gaban dattijon. Hasken ƙofa ya faɗa kan azurfar. Abu Nayif ya juya fuskarsa wajen bango.

"Ya Ammi," in ji Ghali, wato baffa da Larabci, "na liƙe ƙugiyar, ba za ta sake ɓallewa ba. Amma na wanke shi, ba ka kuwa ce in wanke ba. Mai shago bai sa ni ba. Haka ake yi a gidanmu, hannuna ya riga ni."

Dattijon ya ɗauka ya kai kusa da ido, sannan ya sauke ya bi shi da babban yatsa. Ya tsaya a kan wata 'yar lotsawa a gefe, ya ce nan ne yayansa ya faɗo daga kan jaki. Ghali ya ga lotsawar tun ranar farko, bai taɓa ta ba don ba a ce ya miƙar ba. Yatsan ya ci gaba da tafiya har ya zagaye ɓarin biyu.

"Baƙin da ka wanke," in ji Abu Mani, "gumina ne da na yayana. Da hayaƙin turaren mahaifiyarmu, shekara arba'in yana cikin akwatinta. Su duka biyun sun rasu."

Ghali ya ce a lokacin ne ya gane abin da ya zubar a magudanar bayan shago tare da ruwan tsamiya. Ƙafarsa da ke kaɗawa kullum ta tsaya.

"Ana iya mayar da shi?" dattijon ya tambaya.

"Wancan ba ya dawowa, ya Ammi. Akwai na ƙwai, yini ɗaya ne, zai yi kama da shi har kai ma ba za ka gane ba. In kana so in yi maka yau, amma ka san na ƙwai ne. Irin naka kuwa sai jikin mutum, shekara talatin ko fiye."

"Ƙwai?"

"Dafaffe."

Abu Mani ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Ya haɗa ƙugiyar da idonta, ya ɓalle, ya sake haɗawa, yana sauraron ƙarar. Ya ce jikansa ba zai je makaranta yana warin ƙwai ba. Yaron yana da jikinsa, ya yi nasa baƙin. Ya ƙulle hankicin, ya miƙe da ƙyar. Bai yi wa Ghali godiya ba, bai kuma ce ya yafe ba. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa Abu Nayif akwai munduwar matarsa da ta tsage, zai aiko da ita mako mai zuwa. Ya nuna Ghali da sanda.

"Shi zai liƙe. Amma ka tsaya a kansa."

Da ya tafi, Abu Nayif ya rufe littafin kanta. Sannan ya je ƙurya ya ɗauki tukunyar da sauran ƙullin tsamiyar, ya sa su a durowar kanta, ya murɗa makulli ya jefa a aljihu. Ya ɗauki waya ya kira Jidda ya ce a dakata. Ya ce wa Ghali wuta tasa ce, magagari nasa ne, tebur nasa ne, tsamiya kuwa sai da izini, kuma sai mai kaya ya faɗa da bakinsa sau biyu. Kafin la'asar Maulud ya kai labarin kowane layi, da ƙari.

Shekara guda ke nan yana kan teburin. Aiki yana zuwa, har daga wasu shaguna. Sau huɗu aka buɗe durowar, ya ƙirga. Abu Mani bai sake zuwa da kansa ba, Ghali kuma bai san ko ibzim ɗin yana jikin yaron ko ya koma akwati ba. Ya ce wani lokaci yana cikin aiki sai maganar gumin nan ta faɗo masa, ya ajiye hantsaki ya fita ya zagaya.

Ranar da na je, wata tsohuwar sarƙa ce a gabansa, ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma ya bar wuri ɗaya a buɗe, kamar yadda Usta Salih ke yi. Teburin yana fuskantar bangon nan na ibzim, talatin da wani abu, baƙi ƙirin. Na ce ko zai juya teburin ya huta da kallonsu. Ya ce ya gwada, sai ya riƙa jin su a ƙeyarsa. Ya kunna wuta, ya sunkuya, ƙafarsa tana kaɗawa a ƙarƙashin tebur.